Barista Maidaji da Takardar da Ta Ƙone Ba Wuta

Duk wanda ya shiga benen Tianxiu a shekarun da 'yan kasuwarmu suka fara sanin hanyar Guangzhou, in ya ce bai san Maidaji ba, to bai bi ta ƙarƙashin matakala ba. Nan ne ofishinsa. Kujerar roba guda, kwalin fanka shi ne tebur, sai biro huɗu jere a aljihun gaba, biyu daga ciki ma murfi ne kawai. Amma ka kuskura ka kira shi Maidaji tsura, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Barista. Ba a titi na tsinci sunan ba."

A titi kuwa ya tsince shi. Abin da aka sani, ya yi shekara shida yana masinja a wata kotu a Kano, a ɗakin da ake buga takardar rantsuwa. Shi ke ɗauko fayil, shi ke sayo wa akawu ƙosai, in tawadar hatimi ta bushe shi ke tofa mata yawu. Da ya zo China sai labarin ya kumbura, wai alƙalai ma sai sun leƙo sun tambaye shi kafin su yanke hukunci.

Burinsa guda ne. Akwai wani ofishin shaidar takardu a unguwar Liwan, inda ake zuwa sa hannu a kan yarjejeniyar bashi a gaban jami'a, ta duba fuska, ta duba fasfo, sannan ta buga jan hatimi. Jami'ar, Madam Liang, 'yar siririya ce mai gilashi, ba ta sauri, ba ta dariya. Maidaji ya ƙudurta a ransa cewa ranar da matar nan ta ga aikinsa, da bakinta za ta ce a kawo masa tebur kusa da nata, duk baƙin fatar da zai sa hannu a garin sai ta hannunsa.

"Matar nan awa uku take ɓatawa a kan takarda goma," in ji shi ga duk wanda ya tsaya ɗaure takalmi a gabansa. "Ni minti goma. Ilimi ne ba su da shi, sai yawan hatimi."

Ana nan sai ga Hajiya Fasuma. Dillaliyar kwanuka ce daga Kano, tun da mijinta ya rasu ta riƙe shagonsa, ta mai da shi uku. Ta daidaita da wani mai masana'antar samira da langa, Lauban Chen (Lauban wato maigida da yarensu), zai cika mata kwantena, ta biya rabi, rabi sai ta sayar. Sharaɗinsa biyu: a sa hannu a gaban Madam Liang, kuma a haɗa da takardar lamuni daga Alhaji Nababa na Kano, wanda Chen ya daɗe yana ciniki da shi, ya san sa hannunsa. Takardar ta zo ta faks bayan kwana tara ana fama da layi, kuma ranar da Alhaji ya turo ta, ranar jirginsu na aikin Hajji ya tashi. Babu ta biyu ke nan.

Ga lokaci ya matse. Dole kwantenar ta shiga tashar jiragen ruwa ta Huangpu kafin ƙarfe biyun ranar Juma'a, bizar Hajiya kuma Lahadi za ta ƙare. In ba a buga hatimin nan ba, haka za ta koma Kano hannu rabbana, rabin jarinta yana kwance a China.

Turancinta bai wuce na ciniki ba, shi ya kai ta ƙarƙashin matakala.

"Dala ɗari," in ji Maidaji, yana kaɗa ƙafa.

"Ɗari? Kai za ka tuƙa jirgin ruwan?"

"Hajiya, ilimi kike saye."

"To auna mini na kwano ɗaya."

Aka yi ta ja. Ya tashi, ta tashi, ya zauna, ba ta zauna ba. Daga ƙarshe aka tsaya a kan abincin rana na mako guda a wurin Ramatou, 'yar Yamai mai dafa tuwo a hawa na tara, da langa guda mai murfi in aiki ya kammala. Maidaji ya ce ai shi dama don zumunci yake yi.

Ran Litinin da safe ya karɓo takardun daga hannun Chen, shafi goma sha biyu. Ya hau wurin Ramatou inda Hajiya ke karin kumallo, ya baje su a kan tabarma.

"Dangwala nan, Hajiya. Da nan. Mu gama komai tun a gida, muna zuwa hatimi kawai za ta buga."

"Ba a gabanta aka ce ba?"

"Wannan don ƙauyawa ne. Ni da ita abokan aiki ne."

Babu jar tawada, sai ya ari jan-bakin Ramatou ya shafa wa Hajiya a babban yatsa. Shafi goma sha biyu, dangwale goma sha biyu, ko'ina yana ƙamshin turare. Tankari, wani ɗan Maraɗi mai sayen batir da tocila, yana gefe yana shan kunu.

"Barista, wannan dosiye ne ko wasiƙar soyayya?" in ji shi, dosiye wato fayil a bakin 'yan Maraɗi.

"Kai dai sha kununka. Abin da ya fi ƙarfin batir ba naka ba ne."

Da suka isa ofis, Chen na tsaye a gefe, Madam Liang ta ɗaga shafin farko, ta kai hanci, ta ajiye. Ta ɗaga na biyu. Ta cire gilashi ta goge, ta mayar. Sannan ta yi magana da Turancinta mai tafiyar hawainiya, ta ce ita aikinta ta gani da idonta, abin da aka yi a bayanta ba ta san shi ba, ko da uwarta ce ta dangwala. A sake buga wasu, a dawo Laraba.

"Me ta ce?" in ji Hajiya.

"Ta ce aikin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai tana so a sake a gabanta don ma'aikatanta su koya."

"To me ya sa Lauban yake dafe kai?"

"Mura ce."

Lokacin nan kuwa shi ne lokacin da garin ke jiƙewa. Ba ruwan sama kaɗai ba, bango ma gumi yake, madubi gumi, ka shanya riga kwana uku ka ɗauke ta kamar yanzu ka matse. Ran Laraba Chen ya aiko da sababbin takardu, ya ce a hau tasi. Maidaji ya karɓi kuɗin tasi ya soke a aljihu, ya ce wa Hajiya ta yi gaba, ya tare babur. Ya cusa takardun a cikin riga, wai jikin mai ilimi ba ya jiƙa takarda. Suna hawa gada ruwa ya ɓarke. Kafin su sauka, shafukan sun manne da tumbinsa kamar an yi masa ɗauri a asibiti.

Wani mai hankali da sai ya tafi ya faɗi gaskiya. Maidaji ya juya da baburin zuwa wurin Ramatou, ya jera takardun a kan murfin tukunyar miya.

"Malam, ka ɗauke mini su, miyar kuka ce a ciki!"

"Minti biyu, Ramatou. A kotu haka muke yi."

"Kotun taku a kicin take?"

Tukunya ta tafasa, murfi ya yi tsalle. Shafi na huɗu, daidai inda aka rubuta adadin bashin, man shanu ya sauka a kai ya yi da'ira kamar wata. Sauran suka bushe, amma sun kanannaɗe kamar soyayyen fatar kaza, suna warin daddawa.

Ya iso ofis da awa biyu a makare. Layi ya kai bakin ƙofa: ga wasu tsofaffi mata da miji da takardar gidansu, ga wani mai hayar shago, kowa da yatsansa a shirye. Madam Liang ta ɗaga shafi na huɗu ta haska a fitila, fuskar Maidaji ta fito ta cikin man. Ta ce lambar da ba ta karantuwa ba ta shaida ta. Ta ce Juma'a ƙarfe tara, kuma ita ce ta ƙarshe, don ba Hajiya kaɗai ke da bashi a garin ba.

"Yanzu kuma me ta ce?"

"Ta ce Juma'a ta fi albarka."

"Ita ta san Juma'a?"

"Na koya mata."

Hajiya ta matso har numfashinta yana taɓa hancinsa. "Maidaji, in kwantenata ta kwana a garin nan, kai ma ba za ka kwana da haƙoranka ba."

"Barista," ya gyara mata a hankali.

Ran Alhamis aka sake buga takardu a karo na uku. Chen ya so ya riƙe su, Maidaji ya rantse da girman aikinsa cewa sai ya duba Turancin. Yana tafe da su, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan shago mai injin laminatin, irin wanda ake rufe takarda da roba a gasa ta yi ƙarfi. Nan take ya tsaya cak. A gida ai duk takardar da ke da mutunci haka ake mata, daga ta haihuwa har ta gama firamare. Ruwa ba ya taɓa ta, mai ba ya kama ta. Ya ce a ransa, yau Madam Liang za ta san an zo daga ƙasar da aka ci gaba.

Saura faks ɗin Alhaji Nababa. Shi kaɗai ya tsira a duk wannan bidiri, don Hajiya ba ta taɓa sakinsa ba, yana nannaɗe a cikin jakarta tare da fasfo.

"Kawo shi, Hajiya, in haɗa su wuri guda."

"Wannan ba ya barin jikina."

"Dubi gefensa, har ya fara laushi. Gobe in rubutun ya dushe, kar ki ce ban faɗa ba. Rabin awa. In wani abu ya same shi ki cire ni daga Barista."

Ta dubi takardar, lallai danshi ya fara cinta. Ta miƙa masa kamar mai ba da jinjirinta.

Mai shagon, wata dattijuwa, ta gasa shafi goma sha biyu tas, suka fito suna ƙyalli. Da ta zo kan faks ɗin sai ta shafa shi, ta girgiza kai, ta tura masa abinsa. "Meyo, meyo," tana kaɗa hannu, wato babu, ba za a yi ba. Ta nuna injin, ta nuna takardar, ta hura yatsunta kamar wadda ta ƙone.

"Ji tsohuwa, ƙarin kuɗi take so," in ji Maidaji. Ya ture hannunta, ya saka takardar a roba da kansa, ya danna ta cikin inji.

Abin da bai sani ba, takardar faks ba tawada ke rubutu a kanta ba, zafi ne. Inda zafi ya taɓa, nan ke baƙi. Inji kuwa ya taɓa ko'ina. Takardar ta shiga da sunan Alhaji da sa hannunsa, ta fito ɗaya gefen baƙa ƙirin, sumul, kamar gindin tukunyar da aka goge da mai.

Dattijuwa ta ɗaga hannu sama, ta juya baya.

Maidaji ya juya takardar, ya sake juyawa. Ya fita da ita rana, babu rana. Ya ce tunda zafi ya ɓata ta, sanyi zai gyara. Ya hau wurin Ramatou ya lallaɓa ya tura ta cikin firji ƙarƙashin kifi. Bayan la'asar ya ciro: baƙa, mai sanyi, mai ƙarni. Ya sayo farar tawadar goge kuskure, ya fara rubuta "Ni Alhaji Nababa" a kan robar, kafin ya kai "Nababa" tawadar ta zurare ta zama kamar kashin tsuntsu. Ya goge da hannun riga. Ya saka ta can ƙasan ambulan, ya ce wa Hajiya komai na cikin tsaro.

To ka san mutumin. Maimakon ya yi shiru, sai ya bi benen hawa-hawa yana gayyata, wai gobe kowa ya zo ya ga yadda za a ba shi tebur. Ran Juma'a mutum ya kai goma sha biyar suka biyo shi, Tankari a gaba, Ramatou ma ta sauke tukunya ta yafa mayafi. Maidaji ya sha sabuwar babbar riga mai aiki har ciki, ya shiga ofis yana gaida Sinawan layi da ka.

Ya zuba takardun a teburin Madam Liang, suka yi ƙara kamar faranti.

Ta ɗauki ɗaya. Ta lanƙwasa, ta saki, ya miƙe fau. Ta dube shi.

"Fasahar gida ce," ya ce da Turanci, yana waiwayen jama'arsa. "Kyauta na kawo muku."

Chen ya zauna a hankali. Madam Liang ta miƙa wa Hajiya alƙalami. Hajiya ta ja layi, ba abin da ya fito. Ta danna, alƙalami ya zame. Aka buɗe mata jar tawada, ta dangwala yatsa, ta danna a kan robar da ƙarfinta na mai ɗaga langa. Yatsan ya sulale ya wuce takarda, ya wuce tebur, ya sauka a farin hannun rigar Madam Liang.

"Wala, ga shi nan!" in ji Tankari. "An sa hannu a kan Madam. Yanzu ita ce dosiyen."

Al'adar ofishin, in takarda ta fi shafi guda, sai a karkace gefen shafukan kamar mafici, a buga hatimi guda da zai taɓa kowanne, don kar wani ya zare shafi ya sauya. Maidaji ya san wannan, ya gani ran Litinin ana yi wa wasu. Sai ya ce bari ya taimaka. Ya tattara robobin, ya karkace, ya danne da gwiwar hannu, ya kai ɗaya hannun zai ɗauki hatimin gwamnati. Madam Liang ta make hannun da rula. Ya zabura, gwiwar ta goce, shafuka goma sha biyu suka tashi kamar an watsa karta. Ɗaya ya shige ƙarƙashin kabad, ɗaya ya kifar da shayin magatakarda, ɗaya ya sari tsohon da ke layi a goshi. Tsohon ya miƙe yana zazzaga masifa da yarensu, matarsa tana taya shi.

Madam Liang ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Ta ce waɗannan sun mutu, amma za ta sa a buga wasu a ofishinta, tunda matar nan ba ita ta yi laifi ba. A ba ta takardar lamuni kawai.

Maidaji ya fara laluben aljihu.

"Tana cikin ambulan," in ji Hajiya. "Ciro ta."

Ya ciro. Ya ɗora a tebur a hankali, ya ja da baya taku ɗaya.

Kowa ya leƙo. Ramatou ta shinshina. "Wannan ai ita na gani jiya ƙarƙashin kifina. Na zaci murfin wani abu ne."

"Maidaji," in ji Hajiya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ina rubutun Alhaji?"

"Yana ciki, Hajiya. Bai je ko'ina ba. Rufe shi na yi don sirri, ba kowane ido ke gani ba." Ya ɗauki baƙar robar, ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya. "Bari in karanto. Ni, Alhaji Nababa, mazaunin Kano, ina shaida wa duk wanda abin ya shafa..."

"Barista, ka riƙe ta kife," in ji Tankari.

Ya yi maza ya juya ta. Ofis ya ɗauka da dariya, har Sinawan da ba su ji ko kalma ba, har tsohon mai goshi. Chen ya miƙe ya ɗauki jakarsa. "Meyo faks, meyo kwantena." Ya nufi ƙofa. Agogon bango ya nuna goma da rabi.

Hajiya Fasuma ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Ta sha gaban Chen ta tare ƙofa da faɗinta.

"Tankari, zo nan. Kai da ka iya yarensu ka fassara, kuma abin da aka ce za ka faɗa, ko zagi ne. Tambaye ta, in babu mai lamuni, ana karɓar jingina?"

Madam Liang ta ce ana karɓa, in mai kaya ya yarda.

Hajiya ta kama kafaɗar Maidaji ta tura shi gaba. "To ga wannan. Lauban ya riƙe shi har in biya."

Madam Liang ta ce doka ba ta yarda a jinginar da mutum ba. Chen ya dubi Maidaji daga hula har takalmi, ya yi wata gajeriyar magana. Tankari ya fassara da murya mai ƙarfi don na baya su ji: "Ya ce ko doka ta yarda, shi bai yarda ba. Wai ci zai yi ta yi."

Sai Hajiya ta naɗe hannun riga. Ta zare awarwaron zinare shida ɗaya bayan ɗaya, ta cire sarƙa, ta cire 'yan kunne, ta tara a gaban Chen. Ya ce sai ta ƙara da zobe. Ta ce zoben mijinta ne, ko gawarta ba za a cire shi ba. Ya ɗauko kalkuleta ya danna, ta fizge ta danna nata, ya danna, ta danna, ta tattara zinaren kamar za ta tafi, ya riƙo jakarta. Aka daidaita babu zobe. Madam Liang ta sa aka auna, aka rubuta, aka zuba a ambulan aka liƙe, su biyun suka dangwala a bakin. Sababbin takardu suka fito da ɗuminsu. Wannan karon yatsan Hajiya ya zauna daram. Hatimi ya sauka. Sha biyu saura kwata Chen ya buga waya a saki mota zuwa Huangpu.

Kafin su fita, Madam Liang ta kira mai gadi ta nuna masa Maidaji, ta ce ya dubi fuskar nan da kyau.

"Me ta ce?" in ji Ramatou.

"Ta ce in riƙa shigowa ba sai na bi layi ba," in ji Maidaji, daidai lokacin da mai gadin ya kama wuyan rigarsa.

A bakin matakalar waje suka same shi yana gyara hula. Yayyafi ya fara. Hajiya ta fito, wuyanta wayam, hannayenta wayam, sai zoben mijinta da takarda mai jan hatimi. Maidaji ya dubi sama, ya dubi takardar, ya matso.

"Hajiya, kin ga ruwa zai taɓa ta. Akwai wani shago nan kusa, minti biyar..."

"Tuɓe rigar."

"Na'am?"

"Zinarena na kwana a akwatin Basine saboda kai. Rigarka za ta kwana a nawa har ranar da ya dawo wuyana. Tuɓe, ko Tankari ya taya ka."

"Da hannu biyu ma," in ji Tankari, yana ajiye lemarsa.

Haka Barista ya tuɓe a gaban jama'ar da ya gayyato da bakinsa. Hajiya ta shimfiɗa rigar, ta ɗora takardarta a tsakiya, ta naɗe ninki huɗu, ta soke a hammata.

"Ka ga yadda ake rufe takarda," ta ce, ta ɗaga wa tasi hannu.

Suka cika mota biyu suka tafi Huangpu ganin kwantena. Shi kuwa aka bar shi a bakin titi da singileti mai huji a ciki, ruwa yana sauka a kan tumbinsa, yana bayyana wa mai gadin da bai jin ko kalmar Hausa cewa a manyan kotuna dama haka ake fitowa shan iska.